Aikin tof silinda da taimin bel a Hilux ɗin gidanmu

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Yau da safe na murɗa mabuɗi, injin ya yi rabin juyi ya cije kamar an soka masa ƙarfe. Na ɗauka batir ne. Da Kawu makanike ya zo ko kallon batirin bai yi ba, sai ya sa yaronsa ya kwance hita huɗun nan da ke ɗumama silinda kafin a tayar da inji, ya ce in sake murɗawa. Ruwa ya yi tsartuwa daga rami na uku har ya jiƙa cikin bonet. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, tun yaushe take shan ruwa?"

Na gaya masa gaskiya. Mako biyu ke nan, na ɗauko lodin tumatir daga Kwanar Gafan zan kai 'Yankaba. Ina wuce Kura na ga allurar zafi ta haura rabi. Ban tsaya ba, don rana ta ɗaga kuma tumatir ba ya jiran kowa. Kafin in kai gadar Tamburawa tururi ya fara fitowa ta gefen bonet. Na kashe injin, na jira kamar minti biyar, na buɗe lagireto na juye masa jarkar ruwan sanyi. Tun daga ranar kullum sai na ƙara kusan lita ɗaya, da safe kuma salansa na fitar da farin hayaƙi mara ƙauri. Ina gani, ina cewa bari kakar tumatir ta wuce tukuna.

Kawu bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi ƙarfe mai zafi idan aka kwara masa ruwan sanyi, tsagewa yake yi, ko tukunyar gida ce. Aka jawo motar zuwa gareji da igiya.

Motar Hilux ce ƙirar 1992, mai injin gas 3L, silinda huɗu, lita 2.8. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da ita ya ciyar da mu, ni ma da ita nake ciyar da nawa. Mita tana nuna kilomita 412,600. Fitilar taimin bel, wato bel mai haƙora da ke daidaita motsin bawul da fistin, ta kunna tun damina ban kula ta ba, saboda haka tunda dole a cire bel ɗin kafin tof, wato murfin ƙarfen da ke rufe saman silinda, ya fita, aikin biyu za a yi lokaci guda. Burina a gama kafin azumi.

Talata, 4 ga Fabrairu

Ranar kwancewa. An zubar da ruwa da baƙin mai, an cire lagireto, fanka, fanbel, fayif ɗin nozil huɗu masu fesa gas, manifol na iska da na hayaƙi. Baƙin man bai zama kamar kunu ba, alamar ruwan bai sauka ƙasa da yawa ba. Bol ɗaya na manifol ɗin hayaƙi ya karye a ciki, amma tunda a jikin tsohon tof yake, ba mu ɓata lokaci a kansa ba.

Kafin a taɓa bel, Kawu ya juya injin da hannu har fistin na ɗaya ya hau can sama, makin fulin kamshaf da na injekta da na karanshaf duk suka zauna a kan alamarsu. Ya sa na ɗauki hoto da waya. Da aka zare bel ɗin ya lanƙwasa mini bayansa in gani: duk ya yi tsaga-tsaga kamar ƙafar mai faso, haƙora biyu sun fara ɗagowa daga gindi, gefensa kuma ya jiƙe da mai daga sil ɗin karanshaf. Wannan injin idan bel ya tsinke yana tafiya, fistin da bawul karo suke yi. Toyota ta ce a canza shi duk kilomita 100,000. Nawa ya haura da fiye da dubu ashirin.

Bol 18 ne ke riƙe da tof. Daga gefe ake fara sassauta su ana shigowa tsakiya, kaɗan-kaɗan, zagaye uku. Tof ɗin zubin baƙin ƙarfe ne, mu biyu muka ciccibe shi da ƙyar.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Mun wanke fuskar tof da kananzir da buroshin waya. Ba sai an nuna mini ba: a silinda ta uku akwai tsaga siririya kamar gashi tsakanin bawul ɗin iska da na hayaƙi, wata kuma ta taso daga bakin ɗan kofin ƙuna ta nufi kujerar bawul. Ta biyu ma ta fara. Kan fistin na uku kuwa fes yake kamar sabo, alhali sauran ukun sun yi baƙi da gawayi. Tururi ne ya wanke shi.

Na tambayi Kawu ko ba za a kai wa masu walda ba. Na san ana yi, na kuma san kuɗin bai kai rabin rabin na wani tof ba. Ya ce shi ba zai hana ni ba, motata ce, amma ba da hannunsa za a mayar da shi ba. Wajen nan tsakanin bawul biyu shi ne ya fi ko'ina ɗaukar zafi a injin, ƙarfen wurin siriri ne, ruwa na bayansa. Walda a kan zubin ƙarfe tana riƙewa wata biyu ko uku, sannan ta buɗe a gefen ɗinkin, galibi kana tsakiyar hanya da kaya. Na yarda da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai yau shi ne da aka buɗe gidan tamosta, wato abin da ke tare ruwa daga zuwa lagireto har sai inji ya ɗumama, babu komai a ciki. Wani ya cire ta tun zamanin mahaifina. Kusan duk direban da na sani haka yake yi, wai ƙasarmu da zafi, tamosta ta mutanen ƙasar sanyi ce. Ni ma haka na taso ina ji. Kawu ya ce injin gas yana da zafin da yake son aiki a kai, idan babu tamosta da sanyin asuba na hunturu sai ya daɗe bai kai wurin ba, ringi na cin silinda, gas ba ya ƙonewa duka. Kuma cire ta ba ta taɓa gyara lagireton da ya toshe ba, ɓoye ciwon kawai take yi zuwa ranar da aka ɗora lodi mai nauyi.

Lagireton kuwa da muka leƙa, bakin bututunsa duk farin dutse ne, irin wanda ke taruwa a gindin butar shayi. Shekara da shekaru ruwan rijiya da na burtsatse muke zuba masa. Ta waje kuma ƙurar hunturu da ƙaiƙayi sun liƙe tsakanin fikafikan. Fankar ma na riƙe ta da yatsa biyu tana juyawa sakwaf, man da ke cikin kulocinta ya tsiyaye. To ashe tof ɗin ba shi ya fara lalacewa ba, shi ne na ƙarshe a layi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa tun ƙarfe tara. Zaɓi biyu ne: sabon tof a kwali wanda babu bawul babu kamshaf, ba a san kuma wace masana'anta ta zuba shi ba, ko ɗan Beljiyam na asali da aka ciro daga wani injin. Kawu ya fi son na biyun, da sharaɗin a gwada shi kafin kuɗi ya zama na mai kaya. Muka sami wani Alhaji mai tof uku a ƙasa. Kawu ya tsuguna ya daɗe yana duba su da tocila, ya zaɓi ɗaya.

"Alhaji, za mu kai gwaji. In ya yi yoyo zan dawo maka da shi."

"Ranka ya daɗe, ai kai ba baƙo ba ne. In dai ba a kankare fuskarsa ba, ka dawo da shi."

A nan ne na koyi cewa injinan nan 'yan gida ɗaya, 2L da 3L da 5L, kamanninsu ɗaya a ido amma faɗin silindarsu ya bambanta: 92, 96 da 99.5 a milimita. Wani yaro a shagon gaba ya miƙo mini gaskit, wato abin da ake shimfiɗawa tsakanin tof da gangar jikin inji, ya rantse na motata ne. Kawu ya ɗora shi a kan tsohon namu da muka zo da shi, sai ga ramukan sun fi ƙanƙanta. Na 2L ne. Ba mu sayi gaskit ba yau, Kawu ya ce sai an auna fistin.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Tof ɗin ya faɗi gwaji. A wajen masu tana, wato masu kankare ƙarfen inji, sun toshe duk ƙofofin ruwansa, suka hura masa iska, suka nutsa shi a ruwan zafi. Minti biyu bai yi ba sai ga kumfa 'yan ƙanana suna jerowa daga cikin ramin hayaƙi na huɗu, wurin da ido ba ya kaiwa. Da a sanyi aka gwada wataƙila da ya wuce, don irin wannan tsagar sai ƙarfe ya ɗumama take buɗe baki.

Raina ya ɓaci, kwana biyu da kuɗin mota da na gwaji sun tafi. Amma na tuna da a ce mun ɗaura shi, da sai bayan an ƙone gaskit da bol da aikin mako guda za mu sani. Alhajin ya cika alkawari, ya karɓa ya ba mu na biyu ba tare da musu ba. Allah ya saka masa.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Na biyun ya ci gwaji, ko kumfa ɗaya babu. Sun ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe ta tsawo da ta faɗi da ta kusurwa, gejin milimita 0.05 ne kawai ya shiga a tsakiya. Iyakar da littafin injin ya yarda da ita 0.20 ce, saboda haka ba a kankare shi ba. Na ji daɗin wannan, don duk abin da aka ɗebe daga fuskar tof ba ya dawowa. An wasa bawul takwas a kujerunsu, an sa sababbin sil. Da aka kifa shi aka zuba kananzir a ramukan, bai zubo ba.

Na kai lagireto wajen mai wanki. Ya narke dalmar, ya cire tankin sama, ya bi bututun ɗaya bayan ɗaya da siririn ƙarfe. Ya ce kusan kashi ɗaya cikin uku a toshe suke ɗam. Na tsaya na ga abin da ya fito, ya cika gwangwanin madara.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Yau aikin bulok, wato gangar jikin inji, kuma yau ce ranar da na fi koyon abu.

Yaron Kawu ya kankare ragowar tsohon gaskit da reza, bayan ya cusa tsumma a silinda da ramukan mai. Sannan ramukan bol 18, ɗaya bayan ɗaya, aka tsane ruwa da man da suka taru a ciki, aka hure da iska. Na ga kamar ɓata lokaci ne. Kawu ya ce idan ruwa na ƙasan rami ka ɗaure bol a kansa, ko dai sifanar awo ta yi maka ƙarya ta nuna ya ɗauru alhali bai kama ba, ko kuma ruwan ya fasa bulok, don ba shi da wurin zuwa.

Daga nan ya fito da agogon awo daga cikin wani tsohon akwatin katako. A injin gas fistin yana ɗan leƙowa sama da fuskar bulok idan ya kai ƙarshen hawansa, kuma wannan leƙowar ce ke faɗin kaurin gaskit ɗin da za a sa. Na 3L kala uku ne, B da D da F, kowanne ya fi na bayansa kauri da kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ka sa siriri inda ake son mai kauri, fistin ya kusanci bawul fiye da kima. Ka sa mai kauri inda ake son siriri, matsi ya ragu, mota ta riƙa wahalar tashi da safe. Yawancin garejin da na sani mafi kauri suke saya su huta.

Akwai dalili na biyu da ya sa gabana ke faɗuwa yana awon. Injin nan yana matse iska sau 22, wurin da ya rage a saman fistin bai wuce cokali biyu ko uku ba, ruwa kuma ba ya matsuwa. Ranar Litinin ɗin can da injin ya cije, fistin na uku ruwa ya daka. Idan sandarsa ta lanƙwashe ko kaɗan, zai zauna ƙasa da 'yan'uwansa, aikin kuma ya tashi daga tof ya koma sauke injin gaba ɗaya. Kawu ya auna kowanne ta gaba da ta baya, ina rubutawa a milimita: na ɗaya 0.82, na biyu 0.83, na uku 0.81, na huɗu 0.82. Alhamdu lillahi. Ya ce abin da ya cece ni shi ne sitata ce ta tura shi, ba tashi injin ya yi ba, kuma ban sa an tura motar an saki kuloci ba. Awon ya faɗa tsakanin 0.78 da 0.87, wato gaskit D.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Sayayya: gaskit D, sababbin bol 18, taimin bel, fulin tanshan mai ɗame bel da sifirin ɗinsa, ɗayan fulin, sil na karanshaf da na kamshaf, tamosta, murfin lagireto, kulocin fanka, hos na sama da na ƙasa, famfon ruwa. Kuɗin ya zarce lissafina, sai da maiɗakina ta ranta mini daga adashinta. A kan bel na fi daɗewa. Kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya, farashi uku. Na bar wa Kawu zaɓi, ya ƙirga haƙoran ya gwada da tsohon, ya shinshina, ya ɗauki mai tsadar.

Nozil huɗu sun je gwaji. Biyu suna feshi kamar hazo, biyu suna tsiyaya kamar bakin buta. Mai gyaran ya ce nozil mai tsiyaya wuta yake zubawa wuri guda, shi ma yana cikin masu cin tof. An canza bakin duka huɗun.

Litinin, 17 ga Fabrairu

An ɗora tof. Gaskit a bushe, ba gam ba giris. Na faɗi wannan don na sha ganin ana shafe shi da gam har yana tsiyaya. Kafin a ɗora, Kawu ya mayar da karanshaf baya kwata ɗin zagaye don fistin duka su sauka tsakiya, kada bawul ya taɓa kowanne.

Ɗaurin bol ya ɗauki fiye da awa ɗaya. An ɗan shafa wa zaren kowanne mai. Daga tsakiya ake farawa ana fita waje a gicciye, zagaye uku ana ƙara ƙarfi har sifanar awo ta kai 78 Nm, abin da tsohuwar sifanar Kawu ke kira kilo 8. Sannan ya ɗiga farin fenti a goshin kowane bol ta gaban mota. Zagaye na gaba aka juya kowanne digiri 90, fentin ya kalli gefe. Aka sake wani 90, fentin duka 18 ya kalli baya. Wannan juyin na ƙarshe da dogon fayif aka yi shi, kana ji bol ɗin yana miƙewa a hannunka. Shi ya sa muka sayi sababbi, wanda ya riga ya miƙe sau ɗaya ba a san abin da ya rage masa ba.

Wani makanike maƙwabci ya leƙo ya ce shi shekara ashirin hannunsa ne ma'auninsa. Kawu ya ce, "Malam, hannuna da safe daban, bayan na ci tuwo daban. Ita wannan kullum ɗaya take."

Talata, 18 ga Fabrairu

Gibin bawul. Wannan injin ba shi da abin murɗawa, wasu 'yan faifan ƙarfe ne da ake kira shim ake canzawa. A sanyi na iska 0.20 zuwa 0.30, na hayaƙi 0.40 zuwa 0.50. Biyar sun yi daidai, uku sun matse saboda wasa bawul da aka yi. Biyu mun samu a tsohon tof, na ukun sai da yaro ya yini yana zaga gareji kafin ya samo. Aikin yini ke nan.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Taimin bel. Sababbin sil sun shiga, an goge fuli duka har babu ɗigon mai. An dawo da karanshaf kan makinsa, kamshaf kan nasa, injekta kan nata. Bel ya hau daga ƙasa, ana jan ɓangaren da ba tanshan don kada ya yi sako-sako, aka saki tanshan sifirin ya ja shi.

Yaron ya miƙa hannu zai ɗauko murfi. Kawu ya ce a'a, a juya da hannu tukuna. Aka juya karanshaf zagaye huɗu ta hannun dama, ba inda ya cije. Da ya dawo kan maki, na kamshaf ya zauna daidai, na injekta kuwa ya goce da haƙori ɗaya. Fulin injekta yana da halin zillewa lokacin da ake saka bel, don akwai sifirin a cikin famfon da ke tura shi. Da an rufe haka, motar za ta iya tashi, amma da hayaƙi da rashin ƙarfi da zafi, mu kuma mu shiga zargin nozil da tof. Aka sassauta, aka sake, wannan karon ni na riƙe fulin da sifana har bel ya zauna. Zagaye huɗu kuma, maki uku duka a wurinsu. Sai a sannan aka ɗaure bol ɗin tanshan.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Jiya aka mayar da sauran kaya. Nozil da sababbin wasa a ƙarƙashinsu, hita an gwada su da batir, ɗaya ba ta ja ba aka canza. Sabon baƙin mai da filta. A lagireto jan ruwan sanyaya inji muka zuba, haɗe da tataccen ruwa irin na batir wanda ba asid, rabi da rabi. Na yi wa kaina alkawari ruwan rijiya ya gama shiga motar nan.

Bayan an sauko daga masallaci muka tayar. An danna famfon kan filtar gas har ya yi tauri, an sassauta notin fayif a kan nozil, aka yi ta murɗawa har gas ya fito ba kumfa, aka ɗaure. Na jira fitilar hita ta mutu, na ce bismillah. Ta yi tari sau biyu, ta kama da silinda uku, ta huɗun ta biyo baya. Fitilar mai ta mutu nan take. Hayaƙi ya turnuƙe garejin na ɗan lokaci, ragowar ruwa da man da ke cikin salansa ne, sannan ya washe.

Muka bar ta a silo, wato tana aiki ba a taka totur ba, murfin lagireto a buɗe, ina tsaye ina kallon ruwan. Wajen minti goma sha biyar hos ɗin da ke sanyi ya ɗauki zafi lokaci guda, ruwan ya faɗa ƙasa, tamosta ta buɗe ke nan. Aka cika. Kumfa ta fito sau uku ko huɗu ta tsaya. Na ƙara minti ashirin ina jiran irin jerin kumfar nan da na saba gani, ba ta zo ba. Kawu ya dafa kafaɗata ya tafi alwala.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Kwana biyu ina zagaya gari ba kaya. Ɗigo ɗaya na samu a bakin hos na ƙasa, na ƙara ɗaure kilif. An cire ɗan robar da ke fuskar mita, aka danna maɓallin ciki da siririyar waya, fitilar bel ta mutu.

Lahadi, 2 ga Maris

Azumi na biyu. Bayan sahur na tafi Kwanar Gafan, na ɗauko kwando goma sha huɗu, daidai lodin ranar da abin ya faru. Na bi hanyar nan dai, Kura, Tamburawa, idona rabi a titi rabi a allura. Ta hau ƙasa da rabi kaɗan ta tsaya nan, ko a cunkoson Na'ibawa ba ta motsa ba, kuma a karon farko cikin shekaru na ji fanka ta kama da gurnani sannan ta saki. Da injin ya huce da yamma na buɗe murfi, ruwa yana inda na bar shi. Baƙin mai a kan maki, launinsa bai canza ba.

Saura abu biyu. Kawu yana so in dawo bayan kilomita 1,000 a canza mai a sake auna gibin bawul. Kuɗin adashin maiɗakina kuma na biya rabi yau, sauran sai lodi biyu masu zuwa in Allah ya yarda. Na sa yaron ya rubuta 412,600 da kwanan wata da farin fenti a kan murfin taimin, a ƙasansa kuma 512,600.